Sam Rayburn: Ɗan Majalisar Da Ya Ƙi Cin Ladan Kuturu

Duk lokacin da na ji ana muhawara a kan ko ya dace ɗan majalisa ya karɓi kyauta daga kamfanin da aka ɗora masa alhakin sa wa ido, sai Sam Rayburn ya faɗo mini a rai. An haife shi a jihar Tennessee ta Amurka a 1882, ya tashi a gonar auduga a Texas, cikin 'ya'ya 11 na wani ƙaramin manomi.

Ya shiga majalisar dokokin jihar Texas a 1907, ya kuma zama lauya a garin Bonham. Ofishin lauyoyin da yake ciki yana yi wa kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe aiki. Da abokan aikinsa suka miƙa masa kasonsa na kuɗin kamfanin, sai ya ƙi karɓa, domin majalisar da yake zaune a cikinta ce ke yi wa jiragen ƙasa doka. Ya fahimci abin da magabatanmu suka faɗa, cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A 1913 ya tafi majalisar wakilai ta tarayya, inda ya shafe shekara 48, 17 daga ciki yana kakakinta. Amfanin wancan ƙin karɓa ya bayyana lokacin da ya shugabanci kwamitin kasuwanci. Shi ya jagoranci dokar 1934 da ta kafa hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari, da ta 1935 da ta wargaza manyan kamfanonin da suka mamaye harkar lantarki. Kamfanonin sun yi wa majalisa ruwan saƙonnin talgiram, da yawansu na jabu, amma ba su da wata igiya a wuyansa da za su ja. Wani attajirin mai ma ya taɓa aika masa doki mai tsada har gonarsa, ya mayar masa da abinsa.

Ba na cewa waliyyi ne. Ya tsaya kai da fata wajen kare rangwamen harajin da masu haƙar mai na jiharsa ke mora, kuma an soke shi a kan haka. Sai dai masu sukar suna jayayya ne da ra'ayinsa, ba su samu hanyar tuhumar aljihunsa ba.

Ya rasu a Nuwamba 1961. Shugaba Kennedy da Truman da Eisenhower duk sun halarci jana'izarsa a Bonham.

Tsarin majalisarmu daga Amurka muka aro shi, har da kwamitocin sa ido. Tambayata ga shugabannin waɗannan kwamitoci ita ce: ranar da aka ɗaure doki a ƙofar gida, wa zai kwance shi ya mayar wa mai shi? Allah Ya ba mu masu wadatar zuci.