Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

Duk macen da ke tuyar ƙosai a kasuwar Guci ko ta Magarya ta san yadda kuɗin icce ke cinye riba. Tun shekaru sama da hamsin da suka wuce wani ɗan ƙasarmu ya sa wannan matsala a gaba, shi ne marigayi Farfesa Abdu Mumuni.

An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai da Senegal, sannan ya wuce Faransa ya ƙware a kimiyyar fizik. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako.

A littafin da ya fitar a 1964 kan ilimi a Afirka, ya soki lakol ɗin da Nasara suka bar mana, wadda ke raba yaro da harshensa da aikin hannu. Mu ƴan kasuwa mun san gaskiyarsa: wa ya taɓa iya awo bai riƙe tiya ba? Kimiyya ma haka take, sai ɗalibi ya auna, ya gwada, ya gani da idonsa.

Bai tsaya ga rubutu ba. Daga 1969 ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera tukunyar ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana. Abin takaici, murhun bai iso rumfunanmu ba, har yau icce muke saye.

Ya rasu a 1991. A 1992 aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa. Allah ya jiƙansa.