Malam Aminu Kano (1920–1983)

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci, ya kuma ƙaro ilimi a Landan. A 1950 ya ajiye alli a Kwalejin Horon Malamai ta Maru ya rungumi siyasa, ya zama shugaban jam'iyyar NEPU a 1953.

A wancan zamani talakan ƙasar Kano, har da na Taura da Ringim da Dutse, a tafin hannun En'e yake. 'Yan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, haka gidan yari. Saboda haka ɗan NEPU da ya yi lacca ba izini, ko aka ce ya zagi sarki, mai ƙararsa shi ne mai hukunta shi. An ɗaure da dama, an yi wa wasu bulala. Malam ya dage a raba shari'a da sarauta, a bar talaka ya yi taro ya faɗi albarkacin bakinsa, mace kuma ta jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1960 ya zayyana haƙƙoƙin ɗan ƙasa, amma abin takaici, ya bar matan Arewa ba ƙuri'a. Sai a 1976 suka fara zaɓe.

A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja.