Albrecht Kossel: daga yis zuwa haruffan DNA

Ka san yis ɗin nan da ake zubawa a ƙullin waina da fanke a Kurmin Kogi ko kasuwar Makarfi? To, halitta ce mai rai, kuma da ita wani Bajamushe, Albrecht Kossel, ya fara aikin da ya share wa gwajin DNA hanya.

An haife shi a Rostock a 1853, ya karanci likitanci. A 1879 ya duƙufa kan wani sinadari na cikin ƙwayar yis, wanda a lokacin ba a san aikinsa ba. Daga yis ya koma kan sassan jikin dabbobi. Sannu a hankali shi da abokan aikinsa suka ware adenin a 1885, taimin a 1893, saitosin a 1894. Su ne A da T da C, uku daga cikin haruffa huɗu da aka rubuta gadon halittarka da su. A 1910 ya samu kyautar Nobel.

Har gobe ana bin sawunsa. Yis na da ƙwayar gado mai suna ADE2 da ke taya shi haɗa adenin. In ta lalace sai yis ɗin ya koma ja, masu bincike su gane da ido.

Mutumin kuma ba ya bin yarima a sha kiɗa. A 1914 manyan masanan Jamus 93 suka sa hannu a takardar wanke sojojin ƙasarsu daga zargin ta'asar yaƙi. Kossel bai sa ba.

Ya rasu a Heidelberg a 1927, saura shekara 26 a gano siffar DNA.