Solomon Berson

Solomon Aaron Berson (22 ga Afrilu, 1918 – 11 ga Afrilu, 1972) likita ne kuma mai bincike ɗan ƙasar Amurka. Shi da abokiyar aikinsa Rosalyn Yalow ne suka tabbatar da cewa garkuwar jikin ɗan Adam na iya yaƙar insulin da ake yi wa masu ciwon suga allurarsa.

Farkon rayuwa da ilimi

An haife shi a birnin New York. Ya kammala Kwalejin Birnin New York a shekarar 1938, ya samu digirin likita daga Jami'ar New York a 1945. Bayan ya yi aikin soja, sai ya kama aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx, inda ya fara aiki da Yalow a 1950.

Bincike

A wancan zamani daga jikin shanu da aladu ake samo insulin, kuma masana da dama sun ɗauka cewa ya yi ƙanƙanta da har zai tayar da garkuwar jiki. Berson da Yalow sun liƙa wa insulin aidin mai fitar da tururin nukiliya domin su bi sawunsa a cikin jini. Sai suka ga yana daɗewa a jinin mutanen da aka taɓa yi wa allurarsa, fiye da waɗanda ba a taɓa yi wa ba. Dalili kuwa shi ne, jikinsu ya ƙera sinadaran garkuwa da ke kama insulin su riƙe shi.

Mujallun kimiyya sun fara ƙin karɓar wannan sakamako. An buga shi a 1956 bayan sun sassauta kalmomin kanun maƙalar. Binciken ya taimaka wajen gane dalilin da ya sa wasu majinyata ke buƙatar insulin mai yawan gaske kafin sugansu ya sauka. Wannan ya sha bamban da borin jini, wato ƙaiƙayi da kumburi bayan allura, wanda wani rukunin sinadaran garkuwa ke haddasawa.

Daga nan ne suka ƙirƙiro hanyar awo da ake kira RIA, wadda suka bayyana a 1959 da 1960, mai iya auna insulin komai ƙanƙantarsa a jini. Da ita aka gano cewa manya da yawa masu ciwon suga suna da insulin a jikinsu, sai dai jikin ba ya amsa masa yadda ya kamata. Ba su yi rajistar mallakar wannan fasaha ba, suka bar ta ga kowa.

Rasuwa

A 1968 ya zama shugaban sashen likitanci a Makarantar Likitanci ta Mount Sinai. Ya rasu a Atlantic City sakamakon bugun zuciya. Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977, amma shi bai samu ba domin ba a bayar da ita ga mamaci. Ta sanya wa ɗakin bincikenta sunansa.