Dick Tiger, Ɗan Damben da Ya Shiga Ajin da Ya Fi Ƙarfin Jikinsa

Mu da muka tashi muna kallon dambe da kaka a ƙasar Daura, daga Kongolam har Zango, mun san ba a auna mutum kafin ya shiga fage. Ya ɗaure hannu ɗaya, makaɗa su zuga shi, duk wanda ya ga zai iya da shi ya fito. Damben Turawa ba haka yake ba. Su da hannu biyu suke yi, kuma sai an ɗora kowa bisa ma'auni tukuna. Akwai ajin matsakaita, wanda iyakarsa laba 160, sa'an nan a zamanin da muke magana a kai, na bisa da shi shi ne ajin da ke bin manya, wanda iyakarsa laba 175. Labarin wani mutumin Nijeriya za mu bayar, wanda ya ci kambun duniya a duka biyun.

Sunansa na yanka Richard Ihetu, amma duniya ta san shi da Dick Tiger, watau an kamanta shi da damisa. An haife shi a Amaigbo, ƙasar Ibo, ran 14 ga Agusta 1929. Yana saurayi ya zauna a Aba, yana tara kwalabe yana sayarwa a kasuwa, can kuwa ya koyi dambe. Cikin 1955 ya tafi Libaful ta ƙasar Ingila. Karonsa huɗu na farko a can duka aka ce shi aka ci. Da wani ne da ya nemi jirgin komawa gida. Shi kuwa ya daure da sanyi da kunya, har 1958 ya ci kambun matsakaita na ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila.

Daga nan ya haye Amurka. Cikin 1962 ya ci Gene Fullmer, ya zama zakaran duniya, suka sake karawa a Badun ran 10 ga Agusta 1963, ya sake cin sa a gaban mutanen ƙasarsa. Kambun ya kuɓuce masa, ya ƙwato cikin 1965, Emile Griffith kuma ya karɓe cikin Afrilu 1966.

To, a nan ne abin da ya sa muka zaɓi labarinsa. Shekarunsa sun kai 37, lokacin da yawancin 'yan dambe sun ajiye, ga shi gajere, tsawonsa ƙafa 5 da inci 8 kaɗai. Maimakon ya huta, sai ya nemi zakaran ajin sama, José Torres, mutumin Puwato Riko, wanda ya fi shi tsawo da nauyi da ƙuruciya. Suka haɗu a Niu Yok ran 16 ga Disamba 1966. Gajere ba ya iya tsayawa nesa ya yi musayar naushi da dogo, domin hannun dogo zai riga isa. Saboda haka Tiger ya riƙa kutsawa jikinsa yana sassaƙar haƙarƙarinsa, turmi bayan turmi, har 15 suka cika, alƙalai suka ba shi. Suka koma cikin Mayu 1967, aka sake ba shi, amma da ƙyar, har mutanen Torres suka husata suka yi ta jifa da kwalabe. Mai tara kwalabe a Aba, ga shi yau ana yi masa ruwansu a Amurka!

Ba a yi wata biyu ba yaƙin basasa ya tashi a gida. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, ya karɓi muƙamin laftana a rundunarsu, ya riƙa aika kuɗin dambensa can. Mu a Arewa muna da namu ra'ayin game da wannan yaƙi, akwai kuwa gidajen da suka rasa 'ya'ya a cikinsa. Amma ko wanda ya ƙi zaɓinsa zai yarda bai yi shi don riba ba, gama dukiyar da ya tara a Ikko ta salwanta, lambar girma kuma da Ingila ta ba shi ya mayar musu cikin 1969, don suna taimakon gwamnatin tarayya da makamai.

Ana cikin wannan hali ya yarda ya kara da Bob Foster, wanda ya fi shi tsawo da wajen inci 7, kowa kuwa na gudunsa. Ran 24 ga Mayu 1968, a turmi na 4, Foster ya same shi da hagu a muƙamuƙi, ya faɗi, aka ƙirga masa goma. A ganinmu wannan karon nauyi da tsawo ne suka yi aikinsu, abin da aka ƙago ma'auni dominsa ke nan. Duk da haka bai ajiye ba. Cikin 1969, yana kusa da shekara 40, ya ci Nino Benvenuti, zakaran matsakaita na lokacin, ko da yake ba a sa kambu a karon ba.

Dambensa na ƙarshe ya yi shi cikin Yuli 1970, bayan yaƙi ya ƙare. Ya kama aikin gadi a wani gidan ajiye kayan tarihi na Niu Yok, can ciwo ya kama shi, likitoci suka ce dajin hanta ne. Ya nemi komawa gida, aka bar shi ya dawo. Ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42.