Abul Ƙasim al-Zahrawi

Abul Ƙasim Khalaf ibn Abbas al-Zahrawi (an haife shi wajajen 936, ya rasu wajajen 1013) likita ne Musulmi na ƙasar Andalus, wato kudancin Sifaniya ta yau. Turawa suna kiransa Albucasis. Ana lissafa shi cikin magabatan ilimin tiyata, kuma yana cikin likitocin farko da suka danganta ciwon dasashi da dattin da ke daskarewa a gindin haƙori.

Rayuwarsa

Sunan Zahrawi ya samo asali ne daga Madinatuz Zahra, birnin halifofin Umayyawa kusa da Ƙurɗuba, inda ya yi aikin likita a fadar Halifa al-Hakam na Biyu. Wajajen shekara ta 1000 ya kammala littafinsa, Al-Tasrif, mai juzu'i 30. Juzu'in ƙarshe ya ƙunshi tiyata, tare da zanen kayan aiki kimanin 200.

Haƙori da dasashi

Zahrawi ya bayyana cewa wani datti mai tauri, baƙi ko kore ko rawaya, yana taruwa a ciki da wajen haƙora, har ya lalata dasashi. Maganin da ya bayar shi ne a kankare dattin gaba ɗaya, idan bai fita a rana ɗaya ba a maimaita washegari. Ya zana ƙarafan kankara iri-iri, domin wanda ya dace da ɓangaren ciki na haƙora bai dace da ɓangaren waje ko tsakanin haƙora ba.

Ya ja kunnen masu gaggawar cire haƙori, domin majinyaci kan nuna lafiyayyen haƙori bisa kuskure, a cire shi, ciwo kuma yana nan. Haƙoran gaba masu girgiɗi kuwa, ya ce a ɗaure su da na kusa da su da wayar zinare, saboda azurfa tana sauya launi a baki. Wanda ya zube ana iya sassaƙa madadinsa da ƙashin sa.

Tasirinsa

A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara sashen tiyata zuwa Latin a birnin Toledo, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta shi a makarantun likitanci na Turai. Har yau kankare wannan datti shi ne matakin farko na maganin ciwon dasashi a asibitin haƙori. Buroshi da asuwaki suna hana shi taruwa, amma da zarar ya daskare ba sa iya fitar da shi.