Fritz Zwicky, masanin da ya auna abin da ido ba ya gani

An haifi Fritz Zwicky ranar 14 ga Fabrairu 1898 a birnin Varna na Bulgeriya. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne ɗan Suwizalan, kuma yana da shekara shida aka tura shi wurin kakanninsa a yankin Glarus da fatan zai gaji kasuwanci. Yaro ya karkata ga lissafi da kimiyyar fiziks. Ya yi digirin digirgir a Zurik, a 1925 kuma ya tafi cibiyar Caltech da ke Kalifoniya ta Amurka, inda ya yi aiki har tsufansa.

A 1933 ya mai da hankali kan Koma, wani gungu mai garken taurari sama da dubu, waɗanda masana ke kira galaksi. Yawancin na tsakiyarsa masu siffar ƙwai ne, cike da tsofaffin taurari. Da ya duba gudun da suke yi, sai lissafi ya ƙi fita: nauyin taurarin da ake gani bai isa ya riƙe su wuri guda ba, kamata ya yi a ce tuni kowanne ya kama gabansa. Tun da ba su watse ba, dole akwai wani nauyi da ba ya ba da haske. Ya kira shi abu mai duhu, ya kuma ƙiyasta cewa ya ninka na bayyane kusan sau 400. Adadin ya yi yawa, domin ma'aunin nisa na lokacin da gyara, amma tushen maganar na nan daram.

Kusan shekara arba'in mutane kaɗan ne suka ɗauki batun da muhimmanci. Halinsa ma bai taimaka ba: bakinsa da kaifi, ya ɓata da abokan aiki da dama, har da Walter Baade, wanda tare suka bayyana fashewar manyan taurari a 1934. A ganina, wannan ba hujja ba ce ta yin watsi da lissafin mutum. Shi ne kuma ya tara littattafai ya aika wa ɗakunan karatun da Yaƙin Duniya na Biyu ya lalata.

Sai a shekarun 1970 Vera Rubin ta nuna cewa taurarin gefen galaksi masu siffar faifai suna gudu fiye da ƙima, aka koma ga maganarsa. Masu siffar ƙwai sun fi wuyar sha'ani, saboda ba su da faifan iskar gas mai juyawa da za a auna, taurarinsu kuma kowanne da hanyarsa. A 2003 wani bincike kan uku daga cikinsu ya ce abu mai duhu kaɗan ne a ciki, a 2005 wasu suka mayar da martani cewa doguwar hanyar da taurarin gefe ke bi ce ta rage gudun da ake gani. A manyan cikinsu kuwa, iskar gas mai zafi da ke kewaye da su da yadda nauyinsu ke lanƙwasa haske sun nuna yana nan. Wannan dabara ta lanƙwasar haske, Zwicky ne ya ba da shawararta tun 1937, ba a ga misalinta na farko ba sai 1979.

Bai kai ga ganin haka ba. Ya rasu a Pasadena ranar 8 ga Fabrairu 1974, aka binne shi a Mollis, garin kakanninsa.